Ɗan Bawul Ɗin Da Ke Riƙe Da Lodin A-Kori-Kura

Mai karatu, idan akwai a-kori-kura a gidanku, ta maigida ce ko ta ƙane, zo mu yi magana a kan abu mafi arha a jikinta: ɗan bawul ɗin nan da ke leƙowa daga rim, wanda mai faci ke ɗura iska ta bakinsa. Tsawonsa bai kai yatsa ba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma shi kaɗai ne ƙofar da ke tsare iskar taya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. A ɗakin gaggawa na sha jin 'yan rakiya suna cewa "taya ce ta fashe". Maigidana kuma da Hilux yake jigilar hatsi, shi ya sa maganar taya ta zama maganar gidanmu. Ba kowace fashewa ce laifin bawul ba, amma ga yadda yake sa hannu. Idan robarsa ta tsage daga gindi, iska za ta riƙa zurarewa a hankali. Taya mai ƙarancin iska gefenta na lanƙwasawa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasawar na haifar da zafi, zafin kuma na raba roba da wayoyin ciki. Ka haɗa wannan da buhuna a baya da kwaltar watan Afrilu, ka ga inda za a kwana.

A asibiti ba ma auna hawan jinin babban mutum da abin ɗaurin hannu na yaro, domin lambar da zai ba mu ƙarya ce. Haka bawul yake, kowane da ma'auninsa. Na roba da aka saba gani, mai lamba TR413, an yi shi ne don iskar da ba ta wuce psi 65 ba. Ya wadaci ƙaramar mota, wadda iskarta ke tsakanin 30 da 35. Manyan a-kori-kura kuwa sukan hau taya mai alamar LT. Idan ka ga an rubuta "Load Range E" ko "10 PR" a gefenta, tana iya ɗaukar iska har psi 80 lokacin da aka cika mota da kaya. Bawul mai iyakar 65 a irin wannan taya, an ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan.

Abin da ya dace da ita iri biyu ne. Akwai mai lamba TR600HP, wanda gindinsa roba ne mai kauri, jikinsa kuma ƙarfe, yana jure psi 80. Akwai kuma na ƙarfe zalla da ake ɗaurewa da noti, wanda ke jure abin da ya haura 100. Ga motar da kullum cikin lodi take, kuma tana bin hanyar karkara, na ƙarfen ya fi kwanciyar hankali, sai dai a riƙa duba notinsa da 'yar robar da ke ƙarƙashinsa, domin ita ma tana tsufa.

Bayan ƙarfin iska, a duba ramin rim. Galibi faɗinsa milimita 11.5 ne, wasu kuma kusan 16. Bawul ɗin ƙaramin rami ba zai zauna daram a babba ba, ko da mai faci ya rantse ya kama. A duba tsawo ma: ya fito yadda geji zai kai gare shi, kada kuma ya yi zaƙo-zaƙo har dutse ko kututture ya fizge shi.

Idan motar 'yar Amurka ce, akwai ƙarin abin lura. Tun shekarar 2007 dokarsu ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci da yawancin a-kori-kura na'urar da ke gargaɗin raguwar iska, kuma a motoci da yawa a gindin bawul take. Aka cire shi da ganganci, an karya ta. Idan jikin bawul ɗin alminiyom ne, ƙwayar cikinsa sai mai rufin nikel, domin ta tagulla tana cin alminiyom har ta maƙale.

Kada a raina lamarin. A 2008 an janye miliyoyin bawul ɗin roba daga kasuwar Amurka saboda suna tsagewa tun ba su tsufa ba. Mu nan rana ta fi gasa roba.

To me za ka yi? Duk lokacin da aka sa sabuwar taya, ka ce wa mai faci, "Malam, a sa sabon bawul, kuma nuna mini lambarsa." A kan na roba lambar na nan a gindi. Sau ɗaya a wata, da safe kafin mota ta motsa, a auna iska, har da ta safaya. A bi adadin da ke kan takardar jikin ƙofar direba, domin na gefen taya iyaka ce kawai. A ɗan karkata bawul da yatsa a ga ko gindinsa ya tsattsage, a shafa masa ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. A mayar da hularsa, ita ke hana ƙura shiga.

'Yar'uwa, ko ba ke ke tuƙi ba, kina iya tambaya. Yau idan maigida ya dawo, ku zagaya tayoyin nan tare, da kofin ruwan sabulu a hannu. Minti biyar ya isa. Allah ya tsare mana hanyoyinmu.