Tsalle daga mataki na ɗaya zuwa na huɗu

Farkon riƙe jitata, sautuka biyar kacal na sani, waɗanda Ali Farka Touré da samarin Agadez suke yawo a kansu. Yatsu ba sa shan wuya a nan, kunnen Bahaushe ma ya saba da su tun daga garaya da molo.

Ana nan sai wani littafin koyon jita na gwanjo ya faɗo hannuna. Can wajen ƙarshensa, a shafin da marubucin ya ware wa baƙin sautuka, na tarar da jerin da Turawa ke kira Phrygian dominant, Larabawa kuma Hijaz. An zana shi a kan tsirkiya shida, ɗigo-ɗigo. Na haddace zanen tsaf, na hau na sauko har fatar yatsuna ta yi kanta, amma abin da ke fitowa ƙirga ne, ba kiɗa ba.

Wani makaɗi da ya girme ni, da ya gaji da sauraro, ya ce: “Kai yaro, bar tsirkiya biyar su huta, kama siririyar kawai.” Ya sa na kaɗa ta a sake, sannan mataki na 1, na 4, na 5, na 7, na 8, na 10, na 12. Ashe duk daɗin yana cikin tsallen nan daga na ɗaya zuwa na huɗu. Manuniya ta dafe na ɗaya, ƙaramin yatsa ya miƙe ya kamo na huɗu, ga shi kuwa a nan ne matakan suka fi faɗi a wuyan jita. Hannu ya yi tsami ba kaɗan ba.

Da na jera su a hankali sai jikina ya yi yar. Na san wannan amon! Shi ne nake ji a muryar ladanan Makka ta rediyo lokacin aikin Hajji. Ban ce kiran salla waƙa ne ba, Allah Ya tsare. Hawa da saukar muryar nake nufi. Baƙo ne a wurin mai littafin, ni kuwa da shi na tashi.

Daga baya na ji shi a jitar Paco de Lucía na Sifen, na kuma ji ɗan'uwansa a “Misirlou” da Dick Dale ya kaɗa a Amurka a 1962, wanda fim ɗin Pulp Fiction ya farfaɗo da shi a 1994. Dale yana da jinin Lebanon ta wajen uba, kuma a kan tsirkiya ɗaya yake zuba karin nan, sai dai shi mataki na 11 yake dannawa maimakon na 10. Wanda ya san abin da Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi mai tsirkiya guda ba zai yi mamaki ba.

Zanen nan mai ɗigo-ɗigo sai bayan haka ya yi mini amfani, sa'ad da na fara buƙatar sauri.