Saitin Gama-Gari: Randar Tsakar Gida a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya ya san bambancin randar tsakar gida da tulun da ke ɗakin mutum. Wanda ya gurɓata tulunsa shi kaɗai zai kwana da ƙishirwa, amma wanda ya tsoma ƙazamar moɗa a randar tsakar gida ya ɓata wa kowa ruwa. Wannan bambanci shi ne tushen wata muhawara da ta daɗe tsakanin masu rubuta manhajojin manyan ma'aikatu, kamar bankuna da kamfanonin sadarwa, watau ko ya dace a riƙa daidaita manhaja da saitin gama-gari, ko kuwa a yi wa kowace manhaja nata saiti daban.

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace abin da ake nufi. Kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da harshen Java a shekarar 1995, kuma da wannan harshe aka rubuta ɗimbin manhajojin irin waɗannan ma'aikatu. Manhajar Java tana aiki ne a cikin abin da ake kira injin Java, shi kuwa injin yana da jeri guda ɗaya tak na sunaye da ƙimominsu. Wannan jeri shi ne saitin gama-gari. Akan cika shi lokacin tayar da injin, kuma bisa al'ada kowane ɓangare na kowace manhaja yana iya karanta shi, yana kuma iya sauya shi. Uwar garke irin su Tomcat da WildFly kuwa takan ɗauki manhajoji da dama a cikin inji guda.

Abin da ke jan hankalin mai rubuta manhaja zuwa ga wannan hanya shi ne sauƙinta, domin da layi ɗaya ya gama. Sai dai sauƙin nan wani ne ke biyan kuɗinsa. Alal misali, akwai saitin da ake kira http.proxyHost, wanda ke nuna ƙofar da saƙo zai bi ya fita intanet. Idan manhajar biyan albashi ta sauya shi don buƙatar kanta, to manhajar aika saƙonni da ke zaune tare da ita za ta iya tsintar kanta tana bin ƙofar da ba tata ba. Mai kula da ita zai kwana yana binciken rubutunsa, alhali laifin yana ɗakin maƙwabci. Bugu da ƙari, idan aka rubuta kalmar sirri a layin tayar da inji, wanda ya duba jerin ayyukan da kwamfutar ke gudanarwa yana iya ganinta ƙuru-ƙuru. Saboda irin wannan ne tsarin J2EE na shekarar 1999 ya tanadar wa kowace manhaja wurin ajiyar saitinta na kanta ta hanyar JNDI.

Duk da haka, ba za a ce a fasa randar ba, domin akwai abubuwan da haƙiƙa na kowa ne. Misali guda ya shafi mai rubutun Hausa kai tsaye. Kafin fitowar Java 18 a shekarar 2022, injin yakan ɗauki tsarin haruffansa ne daga kwamfutar da yake kai. Idan tsarin bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai injin ya ajiye alamar tambaya a gurbinsu, sunan Ɗanladi ya koma ?anladi a takardar banki. Hanya mafi sauri ta magance wannan ita ce a sa file.encoding ya zama UTF-8 tun lokacin tayar da injin, kowace manhaja ta amfana. Haka kuma, a watan Disamba na 2021, da aka gano babbar ɓaraka a Log4j, da yawa daga masu kula da uwar garke da saiti ɗaya na gama-gari suka fara toshe ta, ko da yake daga baya an tabbatar cewa bai wadatar ba sai an sabunta Log4j ɗin kansa.

Tun fitowar Docker a shekarar 2013, ma'aikatu da yawa sun koma bai wa kowace manhaja injinta, kamar a ce kowane ɗan haya ya sami gidansa. A nan haɗarin ɓata wa maƙwabci ya ragu ƙwarai, amma wata illa tana nan. Manhajar da ke ɗebo saiti daga ko'ina cikin rubutunta tana da wuyar gwadawa, kuma wanda ya gaje ta ba zai san abin da ta dogara da shi ba sai ranar da ta tsaya.

A taƙaice, tambayar da ta kamaci mai rubuta manhaja kafin ya saka wani abu a jerin gama-gari ita ce: wannan na injin ne ko na manhajar? Tsarin haruffa da agogon inji na kowa ne, sai a daidaita su sau ɗaya lokacin tayarwa, kada kuma a sake taɓa su. Adireshin rumbun bayanai da kalmar sirri kuwa na manhaja ɗaya ne, wurinsu yana wajenta, inda mai kula da ita zai gan su a rubuce ya san abin da aka danƙa masa.