Haƙorin Inna Da Azumin Bara

A azumin bara, mu mutanen gida ɗaya a Zangon Kwatano muka kwana 9 muna sauraron nishin mahaifiyarmu. Turmin haƙorinta ne ya rube. Ta sa kanumfari, ta kurkure da ruwan gishiri, zafin ya lafa ya dawo. Da muka ce a tafi asibiti, sai ta ce: "Ku bar ni sai bayan Salla. Allura za ta karya mini azumi, kuma ciwo kaffara ne."

Mun yi shiru don kunyar uwa, kuma shirun nan laifinmu ne. Sai da kumatunta ya kumbura, sahur ya gagare ta, sannan muka je wurin limamin unguwa. Ya shaida mana cewa Majalisar Fiƙihun Musulunci, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa cire haƙori da allurar da ba ta abinci ba ba sa karya azumi, muddin mutum ya kiyaye haɗiye abin da ya taru a bakinsa. Washegari muka ɗora ta a zemijan.

Likitan haƙori ya tambaye ta hawan jini, ciwon sukari da magungunan da take sha. Ya shafa mata magani a dasashi, sannan ya yi allurar lidokayin, wadda aka gano a ƙasar Suwidin a 1943. Ita wannan allura ba ta gusar da hankali, jijiyar wurin kaɗai take hanawa kai saƙon zafi. Amma ya ce jinkirinmu ya ƙara wahala, domin inda ruɓa ta kumbura allura ba ta kamawa sosai. Sai da ya ƙara ta biyu.

Ya rubuta mata farasitamol da ibufurofen don bayan shan ruwa, ya ja kunnenmu cewa na biyun bai dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba. Ya hana asfirin saboda zubar jini, ya hana taramol ɗin bakin titi.

A hanya Inna, leɓenta a sake, ta ce: "Ashe iyakar abin ke nan?" Daren nan ta yi tarawihi a tsaye.

'Yan uwa, haƙuri ibada ne, neman magani ma umarni ne. Idan tsohonku ya ce a jira Salla, ku kai masa fatawa, ku kai shi likita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.