Daga Tondibiya zuwa ƙetare: lissafin mai mota mai ɗaki

Wanda ya fita Yamai ta gefen Gudel, ya bi gaɓar kogin Isa wajen yamma maso arewa, ba ya jimawa zai iske Tondibiya. Sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa baƙin dutse. Garin yana zaune tsakanin kogi da babbar hanyar Tilaberi. A ƙasa akwai garake da itatuwan mangwaro da jiragen masunta, a bisa tudu kuma akwai barikin da ake horon sabbin sojoji, wanda shi ne ya sa sunan wurin ya shiga kowane gida na ƙasar Nijar. Amma wanga yanki yana da wani tarihi da ba a cika tunawa ba: ta nan ne matafiyin da ya keto hamada daga Gawo yake fara hango Yamai.

A ƙarshen shekarar 1924 motoci 8 na kamfanin Citroën, waɗanda suka taso daga Kolom-Beshar a ƙasar Aljeriya, suka gangaro ta bakin kogi suka shigo Yamai, kafin su wuce Damagaram da Cadi. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka bar Paris a tseren farko na Paris-Dakar. Sun biyo ta Tamanraset da Agadas zuwa Yamai, suka kama hanyar Gawo, 74 ne kaɗai suka kai Dakar. Tsakanin shekarun 1970 da 1980 babu damina babu rani sai an ga Nasara da motocinsu sun yi butu-butu da ƙura. Wasu da mota mai ɗaki suke zuwa, wadda Faransawa ke kira kampin-kar, mai gado da murhu da randar ruwa a ciki. Wasu kuma tsohuwar Peugeot 504 suke korowa, su sayar wa ƴan kasuwar Arlit ko Yamai, su koma gida da jirgin sama. Masaukinsu sananne ne a Yantala, bakin hanyar Tilaberi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kwana cikin mota al'adar Nasara ce kawai. Kafin jirgin sama ya wadata, alhazan Hausa sun maida kamyo gida. Sun bi ta Kano da Maiduguri, ko ta gefen tabkin Cadi, suka ratsa For-Lami, wato Njamena ta yau, da Abeshe da Janaina da Ubayyid da Hartum, har bakin Bahar Maliya. Tukunya da buhun hatsi da tabarma duk suna bisa mota. In guzuri ya ƙare sai a sauka a yi noma ko ƙwadago, shi ya sa har yau akwai unguwannin Hausawa a Sudan. To, in wani ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya kusa ajiye aiki ya yi niyyar gyara mota ya ga duniya da iyalinsa, ba sabon abu ya ƙirƙiro ba. Sai dai zamani ya juya, lissafin ma dole ya juya.

Tambayar farko ita ce hanya, ba mota ba. Ta gabas, wadda alhazai suka bi, yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya toshe ta. Ta Gawo, wadda ke wucewa bayan Tondibiya zuwa Tilaberi da Ayoru da Ansongo, ba ta sake zama hanyar yawon buɗe ido ba tun da arewacin Mali ya faɗa rikici a 2012, kuma tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi.

Ta arewa ita ce mafi kusa da Bahar Rum: kimanin kilomita 950 daga Yamai zuwa Agadas ta Tawa, 240 zuwa Arlit, kusan 200 zuwa Asamaka, 400 daga In Gezam zuwa Tamanraset, jimla fiye da kilomita 3,500 kafin a kai birnin Aljiyas. Tawayen da ya fara a 1990, wanda aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da yaƙin basasar Aljeriya na waɗannan shekaru, su suka fara kashe kasuwar wagga hanya. A 2003 aka sace ƴan yawon buɗe ido 32 a kudancin Aljeriya, a 2010 aka ɗauke ma'aikatan ma'adinai a Arlit. Wanda ya kai Aljeriya ma ba zai iya tsallakawa Maroko ta ƙasa ba, domin iyakar tana rufe tun 1994. Sai ya sa motarsa cikin jirgin ruwa zuwa Marsai ko Alikante.

Ta yamma ita ce yawancin matafiya suka koma wa tun da aka shimfiɗa kwalta tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu a tsakiyar shekarun 2000, ta yadda ƙaramar mota ke iya tafiya daga Dakar har Tanja. Matsalar mutumin Yamai ita ce yadda zai kai Dakar, tun da hanyar da aka saba bi tana ratsa Burkina Faso da Mali. A Janairu 2025 aka sace direbobin kamyo huɗu ƴan Maroko tsakanin Dori da Tera, ba a sako su ba sai cikin Agusta. A Satumba na wannan shekarar aka shiga ƙona tankokin mai a hanyoyin da ke shiga Bamako.

Saura ta kudu. An rufe gadar Gaya da Malanbil bayan abin da ya faru ranar 26 ga Yuli 2023, an kuma sake buɗe iyakar Najeriya a Maris 2024. Don haka mai hankali yana iya yin abin da fatake suka saba yi da kaya: ya kai motar tashar jirgin ruwa ta Lome ko Kotonu ta hanyar da ke buɗe a ranar tashinsa, a ɗora ta a jirgi, shi ya bi ta sama ya tarbe ta. Halin kowace iyaka a tashar mota ake tambayarsa, wajen direbobin da suka dawo jiya, ba cikin taswira ba.

Tambaya ta biyu takardu. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, a ranar kuma aka ƙaddamar da fasfo na AES. Sai matafiyi ya tabbatar da abin da kowace ƙasa ke karɓa kafin ya tashi. Haka ma asiransi: katin CEDEAO mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa a 1982, ba ya aiki a Maroko ko Turai, inda sai an sayi wani a bakin iyaka. Bizar Shengen ta ɗan gajeren zama kwana 90 ce kawai cikin kowane kwana 180, kuma Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairu 2024. Katin rigakafin shawara, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Sai permi na ƙasa da ƙasa, da takardar mallakar mota da sunan mai tuƙi a kanta.

Akwai wata takarda da ya kamata ƴan kasuwa su fahimta sosai, wato karne na wucewa duwan. Da ita ko da lasifase na wucin gadi ake shigar da mota wata ƙasa ba tare da biyan kuɗin duwan ba, bisa alkawarin za a fitar da ita. Mai karne yana ajiye jingina mai nauyi. In ya sayar da motar a hanya, ko ta mutu ya bar ta ba tare da shaidar duwan ba, jinginar ta tafi. Zamanin 504 ya wuce. Shi kuma ma'aikacin da ke bakin aiki, kada ya manta da takardar izinin fita ƙasa daga shugabanninsa, domin hutu daban, izini daban.

Tambaya ta uku mota. Permi na ƙananan motoci iyakarsa tan 3 da rabi, kuma katako da ruwa da batir da tukunyar gas suna cinye wanga nauyi da sauri. Tsohuwar mota mai gazuwal, irin Land Cruiser ko HiAce, kowane makanike daga Tawa zuwa Agadas ya san cikinta, amma biranen Jamus da dama tun 2008 suke hana motoci masu hayaƙi shiga tsakiyarsu. Sabuwar kuma, mai kwamfuta a inji, ba ta jure gurɓataccen mai, in ta tsaya a daji babu mai tada ta. Kowa sai ya zaɓi wahalar da zai iya ɗauka. Lissafin mai ba shi da wuya: motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 tana bukatar lita 420 a kilomita 3,500, cikin rairayi kuma shan yana ƙaruwa ƙwarai. Lokacin tashi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Bazara tana kashe inji da mutum, damina kuma tana cin hanya, kamar yadda ruwa ya yanke hanyar Dosso a Sore cikin Agusta 2024.

Abin da ke kan gaba da duka shi ne rai. A Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Hamada ba a shiga ta da mota ɗaya, ba a shiga ta ba jagora, ba a shiga ta sai an faɗa wa hukuma ranar tashi da ranar isa. Magabata kafin su kama hanyar gabas sai sun biya bashi, sun bar wa gida abinci, sun yi wasiyya gaban shaidu. Wannan ƙa'ida ba ta tsufa ba.

Wanda ya ga zai iya, ya fara gwaji a gida. Ya nemi izinin mai garka a bakin kogi, nesa da bariki, ba tare da ɗaukar hoto ba, ya kwana uku cikin motarsa da iyalinsa. A nan zai san lita nawa na ruwa gidansa ke sha a yini, da ko batir na kai safiya, da ko uwargida ta yarda da wanga zama. In ya ci wannan jarrabawa, ya kama hanyar Dosso da Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, kusan kilomita 900, ya dawo. In mota ta jure, aljihu ya jure, sai a yi maganar ƙetare. In kuwa ba su jure ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Allah ya kawo zaman lafiya, hanyoyi su buɗe, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.