Dillalin da ka ɗauka, na wane ne?

A ranar 31 ga Oktoba, 2023, masu taya alƙali yanke hukunci a wata kotun tarayya da ke birnin Kansas na Amurka suka samu ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, NAR, da wasu manyan kamfanoni da laifin haɗa baki wajen tsawwala la'ada. Diyyar da aka ɗora musu ta kusa dala biliyan 1.8. A watan Maris na 2024 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 418 a yi sulhu, ta kuma sauya ƙa'idojinta daga watan Agustan shekarar.

Ga tsarin da aka kai ƙara a kansa. Mai sayar da gida ne ke biyan la'ada, galibi kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, sai a raba tsakanin dillalinsa da dillalin mai saye. Shi kuwa mai saye a ce masa hidimar kyauta ce, alhali daga cikin kuɗin da ya biya aka cire ta. Yanzu dole ne ya sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace ladan dillalinsa kafin a fara zagayawa da shi. Da farashin ya fito fili, sai mutane suka fara tambayar da ba su saba yi ba: shin wannan mutumin yana da amfanin da ya kai kuɗinsa?

Na bibiyi shari'ar ne saboda tambayar tamu ce, ko da yake ba mu da irin waccan ƙungiya. Lokacin da na raka yayata neman gida a Kaduna, ta ɗauki dillalinta, mutumin kirki da aka yi mata shaidarsa. Kafin mu isa ƙofar gidan farko dillalai sun zama huɗu: nata, da wanda ya ba shi labari, da wanda ya san mai makulli, da na mai gida. Duk la'ada guda suke jira. Kuma nata ne, ba na mai gidan ba, ya fi kowa matsawa: "Hajiya, ki ajiye kafin alƙalami yau, akwai wani Alhaji da zai zo gobe."

Ban zarge shi da rashin amana ba. Lissafi ne kawai. A ce gidan naira miliyan 40 ne, la'ada kashi 5, wato miliyan 2. Idan dillalinka ya dage aka rage maka miliyan 3, abin da ya ragu a la'adar naira 150,000 ne kacal, kuma mai mutunci zai iya haƙura da wannan. Amma idan ya gaya maka cewa layin yana cika da ruwa a watan Agusta, ko magada ba su gama daidaitawa ba, ka fasa, to la'adar gaba ɗaya ta tafi tare da makonnin da ya yi yana ƙona mai. Mutane sukan ji tsoron dillali zai ɗaga musu farashi. A ganina haɗarin da ya fi wannan shi ne ba ya samun ko kwabo sai an sallama, saboda haka shawarar da ta fi kowace tsada, wato "kada ka saya", ita ce wadda aka hana shi ladan bayarwa.

Akwai binciken da ya nuna ƙarfin wannan. Masanan tattalin arziki biyu na Jami'ar Chicago, Steven Levitt da Chad Syverson, sun duba cinikin gidaje kusan 100,000 a jihar Ilinoi. Suka gano cewa idan dillali gidansa yake sayarwa, yakan jira kusan kwana goma fiye da yadda yake yi da gidan wani, ya kuma samu ƙarin kusan kashi 3.7 cikin ɗari. A ɓangaren mai sayarwa aka yi binciken, amma gaggawar rufe ciniki iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a yi watsi da dillali. Ba'amurke yana iya buɗe intanet ya ga nawa aka sayar da gidan maƙwabta bara. A Kano ko Kaduna wannan ilimin a kan dillalai yake, ba a rubuce ba. Su suka san nawa aka taya, nawa aka ce albarka, da wanda bashi ya matsa wa. Ma'aikacin da ke Legas ko Landan yana son gida a garinsu, in ya shiga kasuwar shi kaɗai, da dillalin mai gida zai yi ciniki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Samun naka ya fi, da sharaɗin ya zama naka ɗin da gaske: kai kake biyansa, ku yanke adadi tun farko a rubuce maimakon kaso daga farashi, a ba shi wani abu na wahalarsa ko an saya ko an fasa, kuma ya yarda ba zai karɓa daga ɗaya ɓangaren ba. Da yawa za su ga baƙon abu ne, wasu ma su ji kamar an raina su.

Sannan akwai aikin da bai kamata a bar wa dillali ba, ko da ɗan'uwanka ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma mallakar gida mai takardar shaida ba ta komawa hannunka sai da amincewarsa. Bincika ko takardar ta gaskiya ce, ko an jinginar da gidan a banki, ko gwamnati ta soke filin, aikin lauya ne a ofishin filaye, irin su AGIS a Abuja da KANGIS a Kano. In gidan gado ne, lauyan zai nemi shaidar rabon gado daga kotu, ya tabbatar kowane magaji ya sa hannu, har da 'yar da ke aure a wani gari wadda ba a ambata ba ranar ciniki. Kuɗin wannan bincike kafin a biya kafin alƙalami ake ba da shi, kuma lauyan ya riga ya karɓi nasa ko da amsar da zai kawo ita ce a fasa.