Ashe Ƙasa Ma Tana Numfashi

Ran da malaminmu na kimiyya ya ce ƙasa tana numfashi, sai da dukan ajinmu ya fashe da dariya. Bai yi fushi ba. Ya ce kowa ya zo da ƙasar gonarsu in mun dawo hutu.

Babana gona biyu gare shi. Akwai ta bayan gida, wadda ake zuba wa taki da shara tun zamanin kakana, ƙasarta baƙa-baƙa. Akwai kuma ta jeji, wadda kowace shekara mukan tara karanta mu cinna masa wuta. Shekara uku ke nan dawarta tana raguwa, har Baba ya fara zancen sayar da ita. To, daga kowacce na ɗebo cikin gwangwani.

Muka zuba su a manyan kwalabe biyu. A cikin kowace kwalba Malam ya sa ƙaramin kofi na wani ruwa garai-garai da ake kira laim wota, ya rufe gam. Ya ce in iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ta taɓa ruwan, zai yi fari kamar an ɗiga madara. Kwana biyu shiru. Har abokaina sun fara yi mini ba'a, wai ƙasar gidanmu ta mutu.

Sai Malam ya yayyafa wa ƙasar ruwa. Washegari da muka duba, na gonar bayan gida ya yi fari fat, na jeji kuwa ɗan dishi-dishi kawai. Ya ce ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin ruɓaɓɓen ganye da taki, su fitar da iskar. Da rani sukan yi likimo, ruwan fari na sauka sai su farka gaba ɗaya. Wani Bature mai suna Birch ya yi rubutu a kan haka a 1958, bayan bincikensa a Afirka ta Gabas.

Ni dai gabana ya faɗi, don na ji an ce iskar nan ce ke ƙara wa duniya zafi. Ashe gonarmu mai kyau ita ce mai laifi? Malam ya yi murmushi, ya ce mai rumbu cike shi ke ɗiba da yawa. Tsiro yakan zuƙi iskar daga sama, ya gina jikinsa da ita. In ya ruɓe a gona, wani kashi ya koma sama, wani ya zauna cikin ƙasa shekara da shekaru. In kuwa an ƙone shi, kusan duka ya tashi nan take. Ya ce kabon da ke ajiye a ƙasa ya fi na iska da na tsirrai duka a haɗe.

Da na koma gida na kwashe duka na gaya wa Baba. Ya ce, "Kai yaro, in ban ƙone ba, tsutsar kara fa?" Gaskiyarsa, kuma ban da amsa. Amma bayan sallar isha'i ya kira ni, ya ce bana zai bar mini gefen yamma ba wuta, da sharaɗin ni zan kai taki a kan jaki. Ya zuwa jiya na kai mangala goma sha ɗaya.