Taku Dubu Goma: Me Ya Riƙe Mu Ga Wannan Manhaja?



Ya ɗan'uwa mai karatu, yawancin manhajojin da muke saukewa a wayar salula ba sa daɗewa muke goge su, saboda ƙarancin wuri ko tsadar data. Amma na lura akwai guda da ke wanzuwa a wayoyin samarin da nake hulɗa da su a Birnin Kudu da Gwaram, har da tawa, wato manhajar ƙirga taku, irin su Samsung Health da 'yan uwanta. Alhali kuwa kaɗan ne daga cikinmu likita ya umarta da yin tattaki.

Wani ɓangare na dalilin a fili yake: ƙirgar ba ta cin data, domin a cikin wayar akwai 'yar na'ura mai jin girgizar jiki, ita ke lissafa kowane taku. Amma a ganina babban abin da ya riƙe mu shi ne shaida. Ɗan Adam yana son a ga ƙoƙarinsa. Ɗalibi, da mai shagon cajin waya, da mai POS da ke wuni a kan benci, kowa ya san jikinsa ya yi nauyi tun da babur ya maye gurbin ƙafa. Idan ya taka daga unguwarsu zuwa gindin Dutsen Habude bayan la'asar, babu mai ce masa sannu, sai wayar. Ita ce ke rubuta masa kwana bakwai a jere, kwana ashirin a jere, har ya ji tsoron yanke jerin ya fi masa gajiya nauyi. Daga nan sai a ɗauki hoton adadin a ɗora a WhatsApp, abokai su tanka, gasa ta kankama.

To amma daga ina taku 10,000 ya fito? Daga talla. A shekarar 1965 kamfanin Yamasa na ƙasar Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma, sai adadin ya bi duniya. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da ke Amurka, tare da abokan aikinta, sun bibiyi tsofaffin mata sama da 16,000, suka ga amfanin tafiya wajen tsawon rai yana ƙaruwa har zuwa kimanin taku 7,500, daga nan ya daidaita. Binciken kan tsofaffi ne, ba samari ba, amma ya isa ya nuna adadin ba ƙa'ida ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da wayar ba ta gani. Ƙanina da ke Gwaram yakan yi sammako gona da damina, ya rataye rigarsa a bishiya da wayar a aljihu, ya yi noma da fartanya har azahar. Da dare wayar ta ce masa taku 2,000 kacal ya yi, ya kwanta yana jin na gari sun fi shi. Haka daka, da jan guga, da wanki, aikin da iyayenmu mata ke wuni a kansa, kusan duk sifili ne a wajenta. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, minti ta ƙirga, ba taku ba: 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsa jiki ga baligi, kuma ta lissafa aikin gida da na sana'a a ciki.

Ni dai ban goge tawa ba, domin aikina na zama ne, kuma tana tashe ni daga kujera. Na mai da burina 7,000. Shi kuwa ƙanina na ba shi shawara ya kashe tunatarwar har sai an yi girbi. Awon hawan jini, wanda ƙirgar taku ba ta san komai a kansa ba, mun yi alkawarin zuwa mu yi shi tare a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu idan ya shigo gari, in Allah Ya yarda.

Wassalam.